Kabon Zalla Wajen Haɗa Haidrojin Feroksaid da Lantarki

Iskar oksijin in ta karɓi elektron huɗu ruwa take komawa, in biyu ta karɓa sai ta ba da haidrojin feroksaid (H₂O₂). Aikin kabon shi ne ya tsayar da ita a biyun, ba tare da an nemi filatinum ko faladiyam ba.

Da bututun kabon na nano nake aiki, wato ƙananan bututu na kabon da ido ba ya iya gani. Ina fara jiƙa su a asid HCl, domin ragowar ƙarfe (Fe) da aka tsiro da su a kansa ba ya fita da ruwa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya farfasa feroksaid ɗin da aka sha wahalar haɗawa. Daga nan sai dahuwa a asid naitrik mai ƙarfin 12 M, zafi 80°C, awa 48, a tace, a yi ta ɗauraya har pH ya kusa 7. Hanyar da masu bincike na Jami'ar Stanford suka wallafa ke nan a 2018, suka samu kusan kashi 90 cikin 100 na oksijin ɗin da ya karɓi elektron ya koma feroksaid. Asid ɗin yana dasa rukunan C–O–C da COOH a jikin kabon, amma in dahuwa ta zarce, lantarki ba ya ratsa shi sosai.

Wajen awo ne aka fi ruɗuwa. Ina ɗiga tawadar kabon da ɗan Nafion (sinadarin da ke manna kabon) a faifan RRDE, wato elektrod mai juyawa da ke da faifai a tsakiya da zobe kewaye da shi mai auna feroksaid ɗin da ya fito, kada ta wuce 0.1 mg a kowace cm². In ta yi kauri, feroksaid zai maƙale a ciki, ya zama ruwa kafin ya isa zobe. Ruwan gwaji alkali ne, KOH 0.1 M cike da oksijin, juyi 1600 a minti, zobe a kan 1.2 V bisa ma'aunin RHE (elektrod ɗin haidrojin da ake gwada ƙarfin lantarki da shi). Ɗaya elektrod ɗin kuwa sandar girafait ce. Ba na sa filatinum a nan, don yana narkewa ya zauna a faifai. A kuma gwada faifan tsurarsa, don a cikin alkali shi ma yana ba da feroksaid.

Ban yarda da lambar zobe ita kaɗai ba. Sai na shafa kabon a takarda mai shan iska wadda aka yi wa PTFE (roba mai korar ruwa), na bar ta tana aiki awa da awanni, sannan na auna ruwan da Ce(SO₄)₂: launinsa na rawaya yana dusashewa in ya haɗu da feroksaid, Ce⁴⁺ biyu ga kowane H₂O₂ ɗaya. A wannan dogon aikin ne ake ganin ruwa ya cika ramukan takardar, oksijin ya kasa shiga, haidrojin ya fara fitowa. Kuma feroksaid ba ya daɗewa a alkali, don haka nan take nake awon.