Hirar haihuwa a ɗakinmu

Laraba, da dare.

Yau ana tsakiyar gwajin ƙarfe goma jaririyar wata 'yar ajinmu ta tsala kuka. Uwar ta kwance goyon ta ɗora ta a cinya, hagu na jijjiga, dama na rubutu. Da kukan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ta miƙe ta fita, saura tambaya biyu ko taɓa su ba ta yi ba. Kusa da ni take, na ga takardar. Majanyin ma a kan kujera ta manta shi, ni na bi ta da shi.

Da muka dawo ɗaki na ba su labari, ashe kamar jira suke. Mai gadon sama ta ce ita biyu sun ishe ta, su ma sai ta gama karatu ta kama aiki. Ta bakin taga ta zaro ido: "Ke! Biyu? Mu tara ne a wurin mahaifiyarmu, ban taɓa jin mun yi yawa ba."

"Ke ba ki ji ba. Ita kin tambaye ta?"

Ɗakin ya yi tsit.

Mai karatun aikin jinya ce ta raba gardamar, ita dama ba ta magana sai da lissafi. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin, kuma daga shekara 35 samun ciki yana ƙara wuya, don haka masu cewa sai bayan digiri na uku su riƙa duba kalanda. Har Koriya ta Kudu ta kai mu: a 2023 matsakaicin haihuwar mace ɗaya a can 0.72 ne, alhali sai ya kai kusan 2.1 yawan jama'a ke tsayawa yadda yake. Sin kuwa, da ta daɗe tana hana wuce ɗa ɗaya, a 2021 ta yarda a yi uku, amma matasa ba su yi rububin ba.

Ni abin da na lura, duk cikinmu ba wadda ta ce ba ta son 'ya'ya. Ko mai cewa biyu, wayarta cike take da hotunan ɗan yayarta. Tsoronta ta tashi da dare ita kaɗai, ta yi raino ita kaɗai, a ce kuma ta ci jarrabawa. Ban ji wadda ta tambayi inda baban jaririyar yake da ƙarfe goma ba, ni ma sai yanzu abin ya faɗo mini.

Da suka juyo kaina na ce huɗu. Wallahi ban san inda na samo huɗun ba, bakina ne ya faɗa.

Ƙarfe ɗaya saura, saƙon mai goyo ya shigo: "'Yar'uwa, sai yanzu ta yi barci. Don Allah turo mini darasin jiya." Bari in ɗauki hoton shafukan kafin yarinyar ta farka.