Ashe ba ƙwari ba ne, takin ne yake nannaɗe min tumatir

Jama'a yau dai zuciyata ta yi sanyi, bayan wata kusan uku ina fama na gano abin da ke cin tumatir ɗina, kuma a wurin taron manoman da ba sa amfani da sinadarai na samo bakin zaren.

Waɗanda ke bin labarin lambuna sun san yadda abin ya faro. Dashe ya kama lafiya lau, sati biyu ana murna, kawai sai sabon ganyen da ke kai ya fara fitowa a ƙudundune, siriri, yana lanƙwashewa kamar an murɗe shi da hannu, jikin ma ya yi kauri ya karkace. Tsohon ganye na ƙasa kuwa kore shar babu abin da ya same shi. Na fara zargin farin ƙuda tunda shi ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye, na yi ta fesa ruwan sabulu da man darbejiya har hannuna ya gaji, na rage ban ruwa, na ƙara, na tuge guda takwas na ƙone don kar su shafa wa sauran. Wallahi ranar da na ƙone su har ƙwalla ta taru min, ni na rene su tun daga iri. Kuɗin iri da na taki mota guda duk sun bi ruwa, har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

To a taron nan akwai manoma, akwai 'yan lambu irinmu, akwai kuma masu saye da suka zo su ga waɗanda ke noma musu abin da suke ci. An yi musayar iri, an yi bayani kan haɗa taki, duk na wuce su sama-sama domin ni ganye na zo da shi a leda ina neman wanda zai duba. Mutum biyu suka ce cuta ce. Sai wani dattijo ya juya ganyen ya ce yaro ina ka samo takinka? Na ce Baba kashin shanu ne, na kuma haɗa shi da kaina, ya yi zafi har digiri 60, na juya shi sau biyar, ya ruɓe ya yi baƙi sai ƙamshin ƙasa. Ya ce ban tambaye ka yadda ka dafa shi ba, me shanun suka ci? Nan na yi shiru.

Bayanin da ya yi min shi ne akwai wasu magungunan kashe ciyawa, aminopyralid da clopyralid da picloram, da ake fesawa a makiyaya don su kashe masu faɗin ganye su bar ciyawa. Saniya ta ci ciyawar, maganin ya bi ta cikinta ya fito a kashi da fitsari bai lalace ba, kuma zafin tarin taki ba ya kashe shi. Ɗan kaɗan ya isa ya nakasa tumatir da wake da dankalin turawa, amma masara ko a jikinta tunda dangin ciyawa ce. Nan take na tuna masarar da ke bakin fangalin, taki ɗaya na zuba musu amma ita sai tashi take abinta, kullum ina wuce ta ban taɓa haɗa abin ba. Da na dawo na karanta na ga a 2008 haka ya faru da 'yan lambu da yawa a Ingila har aka dakatar da sayar da aminopyralid na wani lokaci.

Gwajin da ya koya min ba ya cin komai. Roba shida na samu, uku na cika da ƙasa mai tsabta zalla, uku na haɗa rabi ƙasa rabi takin, kowace na sa wake uku. Ku kula, kowace roba da faifanta daban a ƙasa, kar ruwan wata ya taɓa wata. Kuma kar ku yi saurin murna irin nawa, ganyen farko duk lafiya suka fito har na ce ai dattijon nan bai canka ba. Sai a sati na uku da ganye na biyu da na uku suka fito, ganyen robobin takin duka uku sun lanƙwashe kamar cokali, na ƙasa zalla kuwa a shimfiɗe. Na tsaya ina kallonsu da safen nan, haushi da farin ciki duk a lokaci ɗaya.

Wata Hajiya cikin masu saye ta tambaye ni a ranar taron ko zan iya rantsewa kayan lambuna babu sinadari, na ce ƙwarai, da ƙarfina. Yanzu ina jin nauyin amsar nan sosai, in mun sake haɗuwa sai na faɗa mata gaskiya.

Sauran takin ba zan bar shi a tare ba, domin a cikin ƙasa ƙananan halittun da ido ba ya gani suke cinye maganin, a tari kuwa daɗewa yake. Na baza shi siriri a gefen da zan sa masara na kuma juya shi da ƙasa. Tumatirin da suka lalace ba za su shiga sabon tari ba. Fangalin tumatir ɗin guda biyu kuma na ɗebi ƙasarsu na sake shuka wake a roba jiya, sai ranar da ganye na uku ya fito a miƙe zan mayar da tumatir wurin.