Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Rabon kwaɗo

Na yi alkawarin wannan makon zan ba ku labarin bikin Yaya, amma ku yi mini haƙuri. Jiya ina kwashe kayan akwati na tsinci takardar sakamakon JAMB ɗina, jarrabawar shiga jami'a, duk ta yi ja, sai abin ya dawo mini ɗanye.

Maki 268 na ci cikin 400, a 2018. Matan unguwarmu, Ƙofar Marusa a Katsina, suka yi ta shigowa yi wa Inna barka kamar haihuwa na yi. Amma rigimar ta girmi sakamakon, tun ranar cike fom ta fara. Ni likitanci nake so a jami'ar ABU ta Zariya, don tun ina firamare nake jin sunan asibitin Shika. Malaminmu na kimiyya ya ce kaina ya isa Ibadan, jami'ar da ke nan tun 1948, sai dai ya zana mini lissafin a bayan littafi: kashi 45 na gurabe cancanta ce zalla, 35 na 'yan yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. A Zariya 'yar gida ce ni, a Ibadan baƙuwa.

Baffa ko tabarma bai zauna ba ya yanke hukunci. "Ɗiya mace? Ga jami'ar Umaru Musa nan a hanyar Dutsin-ma, ta je ta dawo ta kwana ɗakin uwarta." Shi ɗin nan ne, shekara biyu bayan haka, ya sayar da fili ya tura ɗansa karatu ƙasar waje da makin da ba zan faɗa ba. Har gobe ban ji wanda ya ce masa ɗa namiji ya kwana ɗakin uwarsa ba.

Kaka tana jan carbi ta ce, "Ku ƙyale yarinya, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." A lokacin haushi maganar ta ba ni, wato ni ce kwaɗon.

Zariya na sa. Na je Samaru na yi jarrabawar tantancewa, na dawo, sai jira. Wata nawa ne ma? Abin da na riƙe, na ƙarar da kuɗin adashena a shagon intanet ina buɗe shafin CAPS, inda JAMB ke nuna ko an ba mutum gurbi, na rame har Inna ta fara jiƙa mini sassaƙe. Duk ƙawar da aka ɗauka sai na taya ta murna da baki, in shiga ɗaki in yi kuka. Kaka kuwa kullum kwaɗonta.

Ranar da suna ya fito, ba likitanci ba ne, haɗa magunguna ne. Makina bai kai na waɗanda suka fi ni ba. Zaɓi biyu a gabana, in karɓa ko in ƙi. Kwana uku na yi ban taɓa ba. Ran na huɗu Kaka ta kwance bakin zanenta ta ba ni ɗari biyar, ta ce, "Jikalle, je ki danna abin nan kafin Baffanki ya dawo daga Jibiya."