Aikin binciken ciwon mashaƙar kifin salmon a Bergen: abin da sabon zuwa zai tarar

Wanda ya samu gurbin digiri na uku a fannin lafiyar kifi a Norwe ma'aikaci ne, albashi ake biyan sa duk wata. Sai dai hannunsa ba zai taɓa kifi mai rai ba sai takardu sun kammala, kuma a nan ne watanni suke zurarewa. Izinin zama daga hukumar shige da fice ta ƙasar, UDI, yake fitowa, a je wurin 'yan sanda a ɗauki hoto da zanen yatsu, sannan ofishin haraji ya ba da lambar shaida mai alƙaluma 11 da katin haraji. In albashi ya riga katin zuwa, rabinsa za a cire. Lambar nan ita ke buɗe asusun banki, asusun kuma shi ke kawo BankID, wanda da shi ake shiga kusan duk wata hidimar gwamnati ta intanet. Mu 'yan Najeriya da Nijar dole ne mu yi gwajin tarin fuka da zarar mun iso. Kuɗin ajiyar haya, galibi na wata uku, asusu na musamman ake buɗe masa da sunanka. Kar ka yarda ka tura shi asusun mai gida.

Bayan wannan akwai kwas na kula da dabbobin gwaji. Ka yi rajista tun kafin ka taso, domin ba kullum ake buɗe shi ba. Shi kansa gwajin sai hukumar kula da lafiyar abinci da dabbobi, Mattilsynet, ta amince da shi a rubuce: kifi nawa, wane irin wahala za su sha, a wane mataki za a dakata.

Ciwon da muke bi, wanda ake taƙaita sunansa da AGD, yana kama mashaƙar kifi, wato jan naman nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin marfin kunnensa. An fara ganin sa a gonakin salmon na tsibirin Tasmaniya a Ostireliya cikin shekarun 1980, amma sai a 2007 aka tantance ainihin amibar (wata ƙanƙanuwar halitta da ido ba ya gani) da ke haddasa shi, Neoparamoeba perurans. Ya ɓulla a Norwe a 2006, ya dawo a 2012, tun daga nan bai bar gaɓar yamma ba. Amibar na manne wa fatar mashaƙa, fatar ta yi kauri, siraran ganyayyakin da iska ke ratsawa su manne da juna, majina ta rufe su. Kifi na cikin ruwa mai isasshiyar iska amma yana haki. Ruwa mai gishiri sosai, sama da giram 32 a lita, da ɗumin da ya haura digiri 12, su ne abin da take so; shi ya sa ta fi ta'adi daga ƙarshen bazararsu zuwa kaka.

Rainon amibar shi ne aikin da ke gwada haƙurin mutum. A faranti ake zuba daskararren agar (wani abu mai kauri da ake rainon ƙwayoyi a kansa) da aka haɗa da ruwan teku da ɗan abin malt da yis kaɗan ƙwarai, a malala tataccen ruwan teku mai gishiri giram 35 a kai, a ajiye tsakanin digiri 15 da 18. Bakteriyar da ke cikin farantin ita ce abincinta. In abincin ya yi yawa, bakteriya ta rinjaye ta, ruwan ya yi duhu, amibar ta dunƙule ta saki faranti. In wasu ƙananan halittu masu iyo suka biyo ta daga jikin kifi, cikin 'yan kwanaki sun mamaye wurin. Saboda haka kusan duk mako ake sauya faranti, kuma kowane jeri, wato zuriyar amiba da ake raino daban, da nasa bututun ɗiba. Abin da ya fi ɓata gwaji shi ne tsufa: amibar da ta shekara da shekaru a faranti ƙarfin cutarwarta na raguwa. Kafin ka karɓi wani jeri daga hannun kowa, tambayi yaushe aka ciro shi daga kifi, sau nawa aka sauya masa faranti.

Ranar harba cutar, kifin ya riga ya saba da ruwan teku na aƙalla mako biyu. A ƙirga amiba a madubin ƙara girma, a rage ruwan tanki, a tsayar da shigar sabon ruwa na 'yan sa'o'i, a zuba daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubban ƙwayoyi a kowace lita gwargwadon tsarin da aka amince da shi. A wannan tsakanin ido na kan ma'aunin iskar oksijin, ba a matsawa ko'ina. Kowane tanki da komarsa da bokitinsa, kuma ruwan da ke fita sai an kashe ƙwayoyin cikinsa.

Auna ciwon da ido ake yi, daga maki 0 zuwa 5. A sumar da kifi da maganin MS-222, a ɗaga marfin kunne, a duba fuskoki 16 na mashaƙar, takwas kowane gefe. Farin ɗigo ɗaya maki 1 ne. Ɗigo biyu zuwa uku, maki 2. In tabo ya rufe har rabin mashaƙa, maki 4. Ra'ayina shi ne mutum ɗaya ya yi awon daga farko har ƙarshe, ba tare da ya san tankin da kifin ya fito ba, domin ido biyu ba sa ganin farin tabo iri ɗaya. Ido kuma ba ya wadatarwa: a goga auduga a mashaƙar don gwajin PCR mai gano ƙwayar halittar amibar, a yanki bakan mashaƙa na biyu na hagu a jefa cikin fomalin kashi 10, ruwan da ke hana nama lalacewa, nan take. Jinkirin 'yan mintuna bayan mutuwar kifi na sa fatar mashaƙa ta fara ɗayewa, a madubi ka ɗauka ciwo ne.

Mai kiwon tarwada a gida ya san wankan gishiri. A nan akasin haka ake yi: a tsoma salmon cikin ruwan daɗi na sa'a biyu zuwa huɗu, gishirinsa ƙasa da giram 3 a lita, amibar ta kumbura ta saki. Akwai kuma wankan sinadarin haidirojin feroksaid na kimanin minti 20, amma in ruwa ya wuce digiri 13 shi kansa yana ƙona mashaƙa. Ko wanne aka yi, ciwon kan dawo bayan 'yan makonni.

Tanki bai san Asabar da Lahadi ba, kuma wayar ƙararrawar oksijin zagayawa take yi tsakanin ma'aikata. A tsakiyar Disamba hasken rana a Bergen bai cika sa'a shida ba, Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin lokacin aiki. Faɗa wa shugabanka tun ranar farko; mutanen nan suna mutunta abin da aka faɗa musu a sarari aka sa a jadawali, abin da ba sa so shi ne a ɓace ana tsakiyar yankan samfuri. Ruwan sama ya fi kwana 200 a shekara, don haka rigar ruwa ta ƙwarai da 'yar ciki ta ulu su ne sayayyar farko, sai ƙwayar bitamin D daga Oktoba zuwa bazara.