Ido na gani amma malam ya ce sai hujja

Ƙanwata tana ajin turwaziyem a nan Garwa, jarrabawar BEPC na jiranta, shekaranjiya ta dawo daga lekol fuska a murtuke ta miƙo min takardar lissafi wai Yaya duba min wannan zaluncin. Tambayar ba wata doguwa ba ce, alwatika ABC, gefen AB da AC tsawonsu ɗaya, M na tsakiyar BC daidai, a nuna cewa ABM da ACM daidai suke da juna. Ita kuwa sai ta ɗau rula ta auna ta rubuta "on voit que", wato ai ga shi nan ana gani. Malam ya danƙara mata sifiri da jan bik har da ja masa layi biyu a ƙasa.

Wallahi dariya ta kama ni don ni ma an min haka, amma fa malam ya fi ta gaskiya. Zanen da ke takardar alwatika guda ce tak, da fensir mai kaurin baki aka zana ta, rula kuma ba ta ganin rabin milimita, alhali tambayar tana magana ne kan duk wata alwatika mai irin wannan siffar ko da girmanta ya kai filin ƙwallo, to wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya da rula?

Na ce mata alwatika abu 6 gare ta, gefe 3 kusurwa 3, kuma ba sai kin duba duka ba, 3 sun isa in kin iya zaɓe. Ko gefe ukun duka, ko gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu, ko gefe ɗaya da kusurwoyin da ke bakinsa biyu. A naki AB da AC an ba ki kyauta, BM da MC daidai suke tunda M ne tsakiya, AM kuwa na su biyun ne kamar katanga tsakanin gida biyu. Shikenan layi uku.

Sai ta ce to in kusurwa ukun ne suka zo ɗaya fa? Na ce ciro ekerinki na roba, rular nan mai siffar alwatika, kusurwa 90 da 60 da 30, babban na katako da malam ke ɗorawa a allo ma haka yake, amma zai shiga jakarki? Ta yi shiru. Ɗaya tarkon shi ne gefe biyu da kusurwar da ba ta tsakaninsu, nan kam wani lokaci alwatika biyu daban ke fitowa.

Duk wannan Baba na kan keken ɗinkinsa yana jinmu. Ya jawo wani ƙyalle ya ninka biyu, ya sa almakashi ya yanka a karkace ya buɗe, ga alwatika, karin ninkin shi ne AM. Ya ce wannan ne kuke ta hayaniya a kai tun la'asar? Na ce Baba ai masanin lissafi Uklidis ma a Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗora wata kan wata ya yi a hujjarsa ta farko kan daidaiton alwatika biyu. Ya ce ashe tela ne.

Ita dai tambayarta ɗaya, ko za a bar ta ta shiga ɗakin jarrabawa da almakashi.