Abin da na koya game da kula da jita a Gusau

Yawancin jitocin da ake kawo wa maigidana gyara ba faɗuwa suka yi ba. Yanayin garinmu ne ya ci su. Tun ina sabon yaron shago yake nanata min: "Yaro, wanga icce na, ba ƙarhe na ba." Katako ko ya shekara goma da sarewa bai daina shan danshi yana fitarwa ba, kuma kusan duk matsalar jita daga nan take tasowa.

Kamfanonin da ke ƙera ta, irin su Martin da Taylor na Amurka, suna ba da shawarar a ajiye jita inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa da hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, danshin kan sauka ƙasa da kashi 20. Iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya, ita ce ke fasa fuskar jita. Alamar farko a hannu ake jinta. In ka shafa gefen wuyan, sai ka ji bakin ƙananan ƙarafunan nan da ke jere a kan wuyan yana kartar tafinka, domin katako ya tsuke, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Daga nan fuskar ta ɗan lotsa, tsirkiyoyi su sauko su fara ƙarar zzz. In aka yi sake, sai tsaga ta bayyana a bayan jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Tsirkiyoyin ƙarfe guda 6 suna jan wannan siririn katako da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana, to ina ga ya bushe ƙayau?

Maganin da muke yi ba shi da tsada. A sami robar sabulu a huda murfinta, a jiƙa soso a matse shi sosai har ya daina ɗiga, a saka a ciki, a ajiye cikin jakar jitar a zuge. Bayan kwana biyu a duba, in ya bushe a sake jiƙawa. Rataye jita a bango lokacin hunturu yana da kyau a ido, amma ni dai ba na ba kowa wannan shawarar. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, jita mai tsada ta katako zalla ta fi saurin tsagewa a kan mai arha ta falewud. Na ga matashi ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi mai kyau, hunturu ɗaya ta tsage, ya tsaya a shago idonsa ya cika da hawaye.

Bazara kuma da nata. A Afrilu zafi kan wuce digiri 40, kuma jitar da aka bari a but ɗin mota, gam ɗin da ke riƙe jakinta yakan saki. Da damina labari ya juya: katako ya kumbura, tsirkiyoyi su yi sama su yi wuyar dannawa, tsatsa ta kama su. A lokacin sai a cire soson nan gaba ɗaya.

Batun gogewa, mutane sun fi yin ɓarna da nufin gyara. Wani ya shafa man gyaɗa, wani kananzir, wani man goge kujera. Man girki yana daskarewa ya kama ƙura, daga baya ya yi wari. Tsohuwar singileti mai laushi ta isa. A fara kaɗe ƙurar a hankali kafin a goge, don ƙurar hunturu tana da yashi, tana kankare fenti. Katakon wuya mara fenti shi kaɗai ke son mai, nasa na musamman, ɗigo kaɗan sau ɗaya ko biyu a shekara.

Tsirkiya mai kyau sai an aiko mana daga Kano ko Kaduna, don haka muna lallaɓa ta. Wanda ya ci ƙosai ko tsire ya wanke hannu kafin ya ɗauki jita a shagonmu, ko babban baƙo ne. In an gama kiɗa, a zura ƙyalle ƙarƙashin kowace tsirkiya a ja daga sama har ƙasa, domin gumi gishiri ne, kuma a ƙasan tsirkiyar yake maƙalewa inda ido ba ya gani.