"Ai neman aure yake"

A ofisoshinmu na Katsina, in namiji ya kai wa mace hannu, kowa ya san sunan abin: cin zarafi ne. Inda kawuna ke rabuwa shi ne abin da bai kai nan ba. Oga ya riƙa kiran ƙaramar ma'aikaciya "amaryata" a bainar jama'a. Ko ya turo saƙon WhatsApp ƙarfe sha ɗaya na dare wai ko ta ci abinci. Ko ya ce fayil ɗinta sai an tashi aiki zai sa hannu, ta dawo ita kaɗai.

Zamana a sashen kula da ma'aikata ya nuna mini cewa mutumin ake dubawa kafin a dubi aikinsa. In dattijo ne ɗan sahun gaba a masallaci, sai ka ji "haba, Alhaji fa ya haife ta". In Babarbare ne ita Bafulatana, a ce wasan gado ne. Ita kuwa mayafinta za a fara leƙawa, gyale ne ko hijabi. Bazawara kam ta shiga uku, da wuya ma a saurare ta.

Hujjar da ta fi ɗaure kai ita ce "ai neman aure yake". Gaskiya ne an sha ƙulla aure daga ofis, ba laifi. Amma mai nema tsakani da Allah, in an ce to sai ya turo magabata, in an ce a'a ya haƙura. Shi ya sa na bar tambayar me yake nufi, zuciya ba a leƙa ta. Abin da nake tambaya yanzu: in ta ƙi, me za ta rasa? Ƙarin girma? A cilla ta wata ƙaramar hukuma mai nisa? 'Yar bautar ƙasa da alawus ɗinta ke jiran sa hannun oga duk wata murmushi za ta yi, gobe kuma murmushin nan za a kafa hujja da shi.

Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan hana cin zarafi a wurin aiki, wadda aka yi a 2019 Najeriya ta amince da ita a 2022, ta haɗa har da saƙonnin waya masu nasaba da aiki, da masu koyon aiki, ko da sau ɗaya abin ya faru. Don haka nakan ce wa ƙannena kada su goge saƙo.

Rubuta ƙorafi dai kaɗan ne ke yarda. Tsoronsu ma ya fi karkata gida: maganar na isa kunnen miji ko uba, abin da zai ce shi ne ta ajiye aikin.